Shuɗin Fenti a Jikin Birinyar Audi

Audi ba shi da kowa. Na fara da wannan ne don yanzu in an ambaci sunansa a garinmu sai ka ji kowa na gyaran murya, ai ɗan'uwa ne, ai tare muka tashi. Ƙarya suke yi. Ni na ga zamansa, daga ƙofar gidanmu da kuma gayaunata da ke gindin dutse.

Mai gidana wanzami ne, Allah ya jiƙansa. Ba zan kama sunansa ba, Wanzam ake ce mashi daga Sheme har kasuwar Faskari. In ya dubi kumatun mutum sau ɗaya zai faɗa maka inda kakansa ya fito: wannan Bakatsine, wannan Bagobiri, wancan Bazamfare ne da hanya ta ɓace mawa. Fuskar Audi kaɗai ta gagare shi. Zane biyu ne gajeru a kuncin hagu, na dama kuwa fili, kamar wanzamin ya fara aiki aka yi ihun gobara ya tashi. Uwarsa ta shigo da shi a goye shekarar da fara ta cinye gero, ta sauka zauren mai unguwa, ta mutu kafin wani ya tuna ya tambaye ta daga ina. Gidan mai unguwa suka riƙe shi yadda ake riƙon akuyar baƙo. Ana ba ta dusa, amma ba mai shafa bayanta.

Sau ɗaya ya nemi aure. Uban yarinyar ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce, "To Audi, wa za ka turo?" Maganar ke nan har yau.

Sana'arsa tsaron biri. Garinmu dutse ne a bayansa, birai kuwa a kan dutsen sun riga mu zama. Da masara ta fara goyo sai su sauko. A da kowane gida na tura saurayi, a kafa 'yar rumfa bisa itace, a hau da majajjawa da tsohuwar garwa, a yini ana kaɗawa ana ihu. Samari na yin wannan da raha, ana jifan juna da zagi daga rumfa zuwa rumfa. Audi na cikinsu tun yana ƙarami, ya girma bai sauko ba. Abokansa suka yi aure suka turo 'ya'yansu, shi yana nan.

Ya san birai fiye da yadda na san surukaina. Ya ce kada a haɗa su. Akwai kirka, ƙanana masu baƙar fuska, na bakin rafi. Akwai gwaggon biri, mai bakin kare, wanda ba ya tsoron mace. Sannan jan biri mai dogayen ƙafafu, su ne namu na kan dutse, garke guda, namiji ɗaya babba da mata da 'ya'ya. Ya ce mulkin ma a hannun matan yake, namijin tsayuwa kawai ya iya yana hangen nesa. Na ce mashi wannan ba sai ka hau rumfa za ka sani ba.

Sai shekarun kuɗin fetur suka zo. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Samari suka watse kamar an zuba ruwan zafi a ramin tururuwa, wasu masaƙar Kaduna, wasu Funtuwa wajen lodin mota, wasu har Ikko. Suna dawowa da sallah da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Wa zai hau rumfa ya kaɗa garwa? Rumfuna suka zube ɗaya bayan ɗaya, gara ta ci. Gonakin gindin dutse kuwa Alhaji Barau ya haɗa ya saye, mutumin da na sani yana tallan gishiri a kan jaki, yanzu ga shi da babbar mota da gidan kwano. Ya zuba masara a gaba, dawa a baya, ya watsa takin zamani, ya ɗauki Audi shi kaɗai ya tsare abin da samari cike da gari suke tsarewa.

Mutum ɗaya ba ya iyawa. Yana kora ta gabas suna shiga ta yamma.

To akwai wata dabara ta kakanni, ba a yin ta sai abu ya ƙi. A kama biri ɗaya da rai, a kwaɓa farar ƙasar Kankara, a shafe shi fat, a sake shi. Zai ruga wajen 'yan'uwansa. Su kuma in sun hangi farin abu na nufo su sai su zura da gudu, shi yana bi suna gudu, har su tsallake dutse su yi nisa. Kafin ruwan sama ya wanke shi ya koma kamarsa, an karya masara. Sai ya koma cikin dangi kamar ba a yi ba. Wahala ce ta ɗan lokaci, kowa ya san da haka, shi ya sa ba a ganin zunubinta.

Audi ya kafa tarkon kwando, ya kama birinya budurwa. Ina gayaunata ina cire wa gyaɗa ciyawa, na zo kallo. Ya kwaɓa farar ƙasarsa a sakaina sai ga Alhaji Barau a kan babur, da gwangwani rataye a hannu. Ragowar fentin da aka shafa wa ƙofofin sabon gidansa ne, shuɗi mai ƙyalli, irin mai warin nan.

"Zubar da wannan taɓon," in ji shi. "An bar wannan zamani. Ruwa ɗaya ya wanke, gobe su dawo. Ga wanda ba ya fita."

Audi ya ce, "Alhaji, ai fitar ake so."

"Wa ke so? Kai ko ni?"

Na ce, "Alhaji, ƙofa aka yi wa wannan. Ƙofa ba ta da uwa."

Ya ce, "Matar Wanzam, gyaɗarki ma a bakin dutse take. In sun gama da ni wajenki za su yi."

Gaskiya ya faɗa, sai na ja gefe. Audi ya dubi gwangwanin ya dubi birinyar, ya tsoma tsumma. Ban ce ya so ba, ban ce ya ƙi ba. Shi dai bai taɓa ganin abin da ruwan Agusta bai wanke ba.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Da aka sake ta ta fita kamar kibiya, garken ya tashi da kururuwa, kafin ka ce me sun ɓace bayan dutse ta wajen dajin Yargoje. Alhaji ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Aka karya masara lafiya, ba a taɓa samun irinta ba.

Ruwa ya yi ta zuba. Fenti bai fita ba.

Wata safiya na je gona na hangi wani abu shuɗi a kan fa, nesa kaɗan da rumfar Audi. Ita ce. Ta rame, gashin ya dunƙule ya yi tauri kamar busasshen kwalta. Ta gaji da bin su. Da ta daina bi, su ma sai suka dawo kan dutsensu, amma can sama. In ta matsa taku kaɗan su tashi. In ta zauna su zauna. Haka za ta yini tana kallonsu suna tsintar jikin juna, ita tana tsakanin dutse da gona, ba ta nan ba ta can. Kuma muddin tana zaune a wurin ba birin da zai sauko. Alhaji ya samu mai gadin da ba ya cin tuwo. Ya ce wa Audi ya riƙa jefa mata ɗan abin da zai riƙe ranta har a yanke dawa.

Daga ranar Audi ya daina kaɗa garwa. In na gaishe shi sai ya ce, "Yaya, kin gan ta?" Kamar ni makauniya ce.

Ya fara da kananzir, don wani direba ya ce mashi shi ke cire fenti. Ya yaudare ta da masara ya kife ta da kwando, ya goga mata. Fata ta ɗauki zafi, ta yi ta birgima tana kuka irin na jariri, ta cije shi a hannu ta gudu. Ya zo gidanmu Wanzam ya ɗaure mashi ciwon. Da Audi zai fita ya dubi hannunsa ya ce, "Da ma ta ƙara."

A lokacin ne Malam Abdulkarim ya zo garinmu. Saurayi ne daga babbar makarantar Zariya, da rikoda a jaka da madubin hangen nesa a wuya. Ya ce karatunsa sanin ɗan Adam ne: asalin mutane, al'adunsu, yadda suke lissafa dangi, wa ke auren wa, wa ke gadon wa. Na ce ikon Allah, abin da muke yi a bakin rijiya kyauta shi aka kai Zariya. Ya yi dariya, ba shi da girman kai. Wajen Wanzam ya fi zama, yana tambayar zanen fuska, wane na wace ƙabila ne, wane na gado ne wane na ado. Yana bin mutane gida-gida, kowa ya jero mashi tsatsonsa. Tsofaffin da ko gaisuwa ba su amsawa sai ga su suna ƙirƙiro kakanni daga Gabas.

Wata rana ya biyo ni gona, ya ce yana son ganin mutumin da Wanzam ya kasa karanta fuskarsa. Ya gaida Audi da ladabi, ya kunna rikoda ya ce, "Malam Audi, mu fara da mahaifinka."

Audi ya ce, "Fara da wani."

"To mahaifiya?"

"Tana bayan gari, kusa da tsamiya. Sunan ne ban samu ba."

Yaron ya kashe rikodar, kunya ta kama shi. Don ya sauya magana sai ya ɗaga madubinsa ya dubi dutse, ya daɗe yana kallo. Ya ce a cikin masu irin karatunsu akwai waɗanda birai kawai suke bi, shekara da shekaru, don in ka ga yadda biri ke zama da danginsa ka ga wani abu na zaman mutum. Ya ce dubi hannunsu, yatsa biyar da farce, dubi yadda uwa ke goyo. Na ce tsofaffinmu sun ce ai mutane ne da suka yi saɓo aka mayar da su. Ya ce shi dai ba a koya mashi haka ba, amma ba zai yi musu da tsofaffi a gonarsu ba.

Ya miƙa wa Audi madubin. "Ka ga waccan da ke tsintar bayan 'yar'uwarta?"

"Ƙwarƙwata take nema."

"Har da ita. Amma ko babu ƙwarƙwata sai sun yi. Gaisuwarsu ke nan, ita ce zumuncinsu. Da hannu suke sanin wane ne nasu. Wanda aka daina taɓawa, ko yana cin abinci, ba ya daɗewa."

Audi ya sauke madubin ya ce, "Ba ya daɗewa?"

"Haka aka rubuta."

"To ba su gama bincike ba," in ji Audi, ya miƙa mashi abinsa.

Amma maganar ta zauna. Ya tambayi yaron ko fentin zai taɓa fita. Yaron ya ce gashin biri na zuba sabo ya fito, sai dai dunƙulen ba zai saki ba in ba hannu ya bi shi yana cirewa ba, su kuwa masu hannun ga su can suna gudunta. Malam Abdulkarim ya gama aikinsa ya koma Zariya. Ya ce zai dawo da hotuna. Ba mu sake ganinsa ba, ban kuma riƙe shi da komai ba, kowa tafiya yake a shekarun nan.

Washegarin maganar Audi ya tsaya ƙofar gidanmu ya yi sallama. Ya ce, "Yaya, ki sam mani man gyaɗa." Na ce miya za ka yi? Ya ce a'a. Ya roƙi Wanzam wani tsohon almakashi da ya daina ci. Na tsiyaya mashi mai a kwalba ina faɗa, na ce man da na matsa da ƙarfina za a kai wa biri, ni ko a ƙafa ban shafa ba.

Bai sake kafa mata tarko ba. Ya sauko daga rumfa ya zauna a ƙasa, ya ba ta baya, ya ajiye gyaɗa a gefe. Ya daɗe yana haka, rana bayan rana. Ni kaina na fid da rai. Sai ran nan na ɗago daga cira na ga tana zaune jikin gwiwarsa, ya shafa mai a yatsu yana murza gashin kafaɗarta a hankali, yana jan fentin ɗan ƙanƙane ɗan ƙanƙane, inda ya ƙi ya datse. Ta runtse ido ta saki hannuwa. Shi kuma yana yi mata magana, mutumin da in ya haɗa kalma biyar a yini an yi hira.

Labari ya shiga gari. A dandali ana cewa Audi ya samu wadda ba za a ce ya turo kowa ba. Wani ya ce a tambaye shi ko za a yi buɗar kai. Matan da ke dariya a bakin rijiya na ce masu, ke wance, yaushe rabon mijinki ya san kina da ciwon baya? Aka ce bakina ba shi da linzami. Sai yau suka sani.

Alhaji Barau bai yi dariya ba. Ya zo a babur ya tarar rabin bayanta ya koma ja.

"Audi, me nake gani?"

"Gyara nake, Alhaji."

"Wa ya ce ta lalace? Dawata na tsaye. In ta koma cikinsu gobe suna gonar nan."

"Zan kore su da garwa, kamar da."

"Kamar da! Da ne ya sa na kawo fenti. Ka ji ni da kyau. Ga gwangwani can a gida da saura. Ko ka maida mata, ko ka sauka daga rumfata ka nemi mai ba ka tuwo."

Audi ya ce, "To, Alhaji." Irin to ɗin da ba ka san inda ta dosa ba. Alhaji ya tafi yana ganin ya gama magana. Da ƙurar babur ta kwanta Audi ya jawo kwalbar mai.

Na ce mashi, "Kai, ka yi tunani. Wa ke gare ka in ya kore ka? Kuma in ta tafi ka san ba za ta dawo gaishe ka ba."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ni ba ni da inda za a maida ni. Ita ga nata can ana gani."

Abu ɗaya zan faɗa wanda ban taɓa faɗa a rijiya ba. Ana gab da gamawa, wata rana da hantsi ya sunkuya yana goge almakashi, hularsa ta zame. Sai ta hau kafaɗarsa ta fara bin kansa da yatsu, tana buɗa 'yan gashin da suka rage mashi, tana dubawa da gaske kamar an ba ta aiki. Ya daskare a sunkuye. Bai motsa ba har ta gaji don kanta. Da ya ɗago ya ga ina kallo, sai na duƙa na kama ciran ciyawar da babu ita.

Ranar da ta tafi ba wani biki. Saura ɗan shuɗi a bayan kunne da ya ƙi fita, jikinta duk tabo-tabo inda aka datse. Garken na kan fa suna shan hantsi. Audi ya tashi ya koma rumfa ya hau, ya bar ta a ƙasa, bai ajiye gyaɗa ba. Ta dube shi, ta dubi dutse. Ta fara hawa, tana yi tana zama. Babban namijin ya miƙe ya yi gurnani, ƙanana suka ruga bayan uwayensu, amma ba wanda ya gudu. Ta isa kusa ta kwanta ta kifa kai. An daɗe a haka, har ƙafata ta yi sanyi a tsaye. Sai wata tsohuwar birinya mai furfura a geme ta sauko ta shinshina ta, ta ja baya, ta dawo, ta kai hannu bayan kunnen nan ta fara tsinta.

Ba ta waiwayo ba. Na lura da kyau, don na so in ce mashi ta waiwayo.

Kafin mako ya zagayo suna cikin dawa, ita ce ma a gaba, tunda ta san mai rumfar ba zai jefe ta ba. Alhaji ya cika alkawari. Ya sallami Audi, ya ɗauko wani maharbi daga Sabuwa da bindiga, garken ya tsallake dutse bai sake dawowa ba. Audi ya koma saran itace yana kai wa masu tuwon tasha a Sheme. Ya zauna a ɗakinsa na bayan gidan mai unguwa har ƙarshen ransa, bai yi aure ba, ba a kuma taɓa sanin zanen wane gari ne aka fara mashi ba.

Bayan sallamar tasa, wata Juma'a da safe ya zo da ɗaurin itace ya ajiye ƙofar gidanmu, ya zauna a tabarmar Wanzam ya cire hula. Aka yi mashi aski. Juma'a ta zagayo ya sake zuwa. Ta gaba ma haka. Mutumin da a da sai sallah zuwa sallah.

Wanzam ya shigo cikin gida ɗaukar ruwa yana gunaguni. Ya ce, "Wannan bawan Allah me zan aske? Kan kamar bayan ƙwarya. Aska ma kunya take ji."

Na ce, "Malam, ka jiƙa kan, ka murza sabulu, kada ka yi sauri."

Ya ce, "Ba gashi fa."

Na ce, "Na ji. Ka murza."

Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita. Ta tsakanin zana ina hangen Audi ya sunkuyar da kai, ya runtse ido, hannuwansa a sake bisa gwiwa.